Ɗakin tazarar haihuwa a asibitin da nake karɓar magani: abin da na gani cikin shekara uku

A asibitin gwamnatin da nake karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki a nan Kano, akwai wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin ɗibar jini da tagar bayar da magani, wanda a da ake jibge tsofaffin fayil-fayil a cikinsa. Shekara uku da suka wuce aka share shi, aka sa gado ɗaya da labule da kabad mai makulli, aka zaunar da ungozoma guda wadda aikinta kawai shi ne tazarar haihuwa ga mu masu ɗauke da ƙwayar cutar. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, domin duk wanda ya san shi ya kusa sanin ni, amma na shiga wannan ɗaki sau da yawa, na kuma zauna a bencin da ke ƙofarsa ina sauraron hirar mata, har na ga ya dace in faɗi inda aikinsa ya yi kyau da inda ya gaza.

Kafin a buɗe shi, duk wadda take son hutun haihuwa a cikinmu sai an rubuta mata takarda ta tsallaka can ɓangaren mata masu awon ciki, inda ake yi wa kowa da kowa. A idon mai tsara aiki wannan tafiyar minti biyar ce. A wurinmu kuwa tafiya ce zuwa inda maƙwabciya da 'yar'uwar miji da ƙawar kishiya suke zaune a layi, kuma takardar da ke hannunki tana ɗauke da hatimin ɓangaren da kowa ya san ko na su wane ne. Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu cusa takardar a jaka, mu yanki sabon kati kamar kowa, mu yi shiru da maganar maganin da muke sha. Ni ma haka na yi a 2016, bayan na yaye ɗana na biyu, wanda a awon cikinsa ne aka gano ina ɗauke da cutar. Aka sa mini ashanar fata mai shekara biyar, wato Jadelle, aka ce in je in huta. Ma'aikaciyar ba ta tambaye ni ko ina shan wani magani ba, ni kuma na ɗauka ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban cika shekara biyu ba sai ga laulayi, ashana tana nan daram a damtsena.

Sai daga baya na fahimci abin da ya faru. Maganin da ake ba mu a wancan lokaci yana ɗauke da efabirenz, wanda yake sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin da ashanar take saki, har ƙarfinsa a jini ya ragu da kusan rabi. Wani bincike da aka yi a Yuganda, aka wallafa a 2016, ya samu mata uku cikin ashirin masu shan efabirenz sun ɗauki ciki cikin ƙasa da shekara guda da sa musu irin wannan ashana. Ilimin yana nan tun a shekarar da aka sa mini, amma yana ɓangare ɗaya na asibitin, ni da sirrina muna ɗaya ɓangaren. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin buɗe sabon ɗakin ba ƙaramin gyara ba ne. Ranar da na fara shiga, kafin ungozomar ta buɗe kabad, sai da ta jawo fayil ɗina ta duba irin maganin da nake kai, ta duba sakamakon gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, wanda muke kira bayiral lod, sannan ta tambaye ni ko ana ba ni maganin tarin fuka. Na ce a'a, na kuma tambaye ta abin da ya haɗa tari da haihuwa. Ta ce, "Maman yara, akwai rifamfisin a cikin maganin tarin fuka, shi ma yana kashe ƙarfin ƙwayoyin tazara da ashana kamar wancan da ya yi miki aika-aika. Da kina shan sa, da allura ko robar mahaifa zan ba ki shawara." Babu wanda ya taɓa yi mini wannan bayani cikin shekarun da na yi ina zuwa asibitin.

Yanzu yawancinmu muna kan ƙwaya ɗaya a rana mai haɗin tenofobir da lamibudin da dolutegrabir, kuma dolutegrabir ba ya taɓa ƙarfin ashana ko ƙwayoyin tazara. Amma shigowarsa ma ta bar mana tabo. A watan Mayu na 2018 wani bincike daga Botsuwana ya nuna alamar cewa mai yiwuwa yana jawo tawayar laka da ƙwaƙwalwa ga jaririn da aka ɗauki cikinsa ana shan maganin, sai aka shiga hana mata masu shekarun haihuwa shi, in ba sun yarda sun hau wata hanyar tazara mai ƙarfi ba. Maza suka samu sabon magani marar sa jiri da munanan mafarkai, mu aka ce sai mun kawo shaidar allura. A Yulin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta, ta ce a ba kowa har da mata masu son haihuwa, kuma ƙarin bincike ya nuna haɗarin bai kai yadda aka ji tsoro ba. Duk da haka, har yau akwai matan da suke kallon duk wata maganar tazara a asibitin nan a matsayin sharaɗin da ake gindaya musu kafin a ba su haƙƙinsu, kuma ban ga laifinsu ba.

Kayan da ke cikin kabad ɗin, idan komai ya cika, su ne allurar wata uku da ta wata biyu, da ƙaramar allurar Sayana Press da mace za ta iya yi wa kanta a cinya ko a ciki, da ashana mai shekara uku da mai biyar, da robar mahaifa mai jan ƙarfe wadda take kaiwa shekara goma, da ƙwayoyin sha iri biyu, ɗaya na masu shayarwa, sai kwaroron roba. Wanda ya karanta littafi zai ce ashana da robar mahaifa su suka fi inganci, don haka su ya kamata a fi nema. Abin da na gani a benci daban ne. Mace a nan ba ta fara tambayar wace hanya ce ta fi hana ciki; tana fara tambayar wacce ce ba za a gane ba. Ƙwayoyin sha sun sha ƙasa a wurinmu saboda kowace tana da kwalba ɗaya da take ɓoyewa tuntuni, wata a ƙasan adudun kaya, wata ta juye a robar maganin ƙarin jini, kuma ba mai son ƙara abin ɓoyo na biyu. Ashana ana iya lalubo ta a damtse. Robar mahaifa tana da zare, ga kuma jita-jitar cewa tana ɓacewa a ciki. Allura kuwa ana yi a mayar da hijabi a fita, ba ta barin komai a ɗaki, shi ya sa ta fi kowace kasuwa. Ungozomar ta gane wannan sarai, kuma abin yabo ne cewa ba ta tilasta wa mace abin da takarda ta ce ya fi. Takan tambayi wa ya sani a gida da wa bai sani ba, kafin ta tambayi komai game da jiki.

Wani abu da ta warware da dabara shi ne saɓanin kwanaki. Wadda ƙwayar cutarta ta kwanta ana ba ta maganin wata shida a lokaci guda, alhali allura wata uku take yi, kuma matar da ta samu izinin fita da kuɗin mota sau biyu a shekara da sunan duba 'yar'uwa ba lallai ta samu sau huɗu ba. Sai ta riƙa koya wa mata yin Sayana Press da kansu, ta sa su gwada a gabanta, ta ba su ta gaba su tafi da ita gida, ta rubuta ranar a bayan katin magani da alamar da mai katin kaɗai za ta gane. Na ga wata baiwar Allah daga ƙauye, hannunta yana rawa, ta matse bakin allurar har ya rufe, ta girgiza ta, ta tsira a cinyarta, sannan ta ɗago tana dariya tana cewa, "Sista, ashe ƙaya ma ta fi ta zafi." Abin da ya rage mata shi ne inda za ta jefar da allurar da ta yi amfani da ita, sai aka ba ta shawarar ta sa a roba mai murfi ta dawo da ita ranar karɓar magani.

Inda gizo ke saƙa shi ne maganar jini. Allura da ashana suna rikita al'ada: wata ta ɗauke mata gaba ɗaya, wata kuma ta yi ta ɗigo mako biyu ko uku. A bakin ma'aikacin lafiya wannan ƙaramin abu ne da zai daidaita cikin 'yan watanni, kuma haka ake faɗa mana a ɗakin, a taƙaice, ana kallon layi. A rayuwar Musulma kuwa ɗigon nan yana nufin salla da azumi da shimfiɗar miji. Matar da ba ta san cewa a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15 ba, abin da ya haura haka jinin cuta ne da ake salla da shi, za ta zauna cikin zullumi tana ganin ta bar ibada saboda abin da ta sa wa kanta. Ga mai ɗauke da ƙwayar cuta akwai ƙarin tsoro biyu, tsoron cewa jinin da take zubarwa zai ƙarasa raunana jikin da take lallaɓawa, da tsoron cewa idan al'ada ta ɗauke to mugun jini ne yake taruwa. Na san mata da dama da suka bar allura ana gobe azumi saboda wannan kaɗai, ba don miji ya hana ba. Ɗakin yana da magungunan da za su rage ɗigon, amma sai wadda ta yi ƙorafi da ƙarfi ake ba, kuma ban taɓa jin an haɗa bayanin lafiya da na fiƙihu a zama ɗaya ba, alhali malama guda daga Islamiyya da za ta zo ranar taron ƙungiyar masu jinya za ta iya kashe rabin matsalar.

Addini kansa ba shi ne shingen da baƙi suke zato ba. Ungozomar ba ta cewa ƙayyade iyali, kalmar da take sa mutanenmu su ɗaure fuska. Tazara take cewa, ko hutu, kuma kowa ya san ayar shayarwa shekara biyu cikakku da hadisin Jabir cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Babu uwar da take son kwanika. Abin da ya fi fatawa nauyi shi ne idon uwar miji. Idan yaro ya shekara uku ba a ga ƙani ba za a fara tambaya, kuma matar da ba ta bayyana wa dangin miji halin da take ciki ba tana ganin ciki shi ne babbar shaidar lafiyarta a gaban masu zargin ramarta. A gidan da ake da kishiya lissafin ya ƙara tsauri. Alƙaluman ƙasa ma sun nuna irin ƙasar da aka shuka wannan ɗaki a kai: binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya samu kashi 12 cikin ɗari kacal na matan aure a Najeriya suke amfani da hanyar zamani, Arewa maso Yamma kuma tana ƙasa da haka nesa.

Babbar gazawar ɗakin a ganina ita ce maza. An gina shi kamar mace ita kaɗai take yanke hukunci, alhali ko ungozomar ta san ba haka ba ne. Maigidana yana ɗauke da cutar shi ma, amma a wata ƙaramar hukuma yake karɓar nasa maganin don kada a gan mu tare a layi ɗaya, kuma a can babu wanda ya taɓa yi masa maganar tazara sai dai a miƙa masa kwaroron roba. Mu ma haka ake cusa mana shi a baƙar leda duk zuwa, a rubuta a rajista cewa an bayar. Wanda ya leƙa kwandon shara na bakin ƙofar asibiti zai ga inda yawancinsa yake ƙarewa, domin matar aure da ta shiga gida da kwaroron roba ta shigo da tambayar da ba ta da amsarta. Dalilin bayar da shi gaskiya ne, tunda shi kaɗai yake kare ciwon sanyi da ciwon hanta tare da hana ciki, amma a ƙirga shi a matsayin tazarar da mace take yi yaudarar kai ce. Ga kuma ma'auratan da ɗaya yake ɗauke da cutar ɗaya ba ya ɗauke, waɗanda za su ƙara bayyana tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024. Su ne suka fi buƙatar a zaunar da su tare a faɗa musu cewa wanda yake shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa, kuma babban binciken da aka yi kan mata fiye da 7,800 a ƙasashe huɗu na Afirka, wanda ya fito a 2019, bai samu wani bambanci mai yawa na kamuwa da cutar tsakanin masu allura da masu ashana da masu robar mahaifa ba. Ɗakin ba shi da rana ko sa'a ta ma'aurata, kujerar baƙo ma ɗaya ce.

Maganar kuɗi da ƙarewar kaya ba zan daɗe a kanta ba, don kowa ya san ta. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta, kuma gaskiya ba a taɓa sayar mini da allura ko ashana ba, sai dai safar hannu da auduga da maganin kashe zafi da gwajin ciki duk daga aljihunki suke fitowa. Bayan Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, maganinmu bai yanke ba, tunda an ware shi cikin abubuwan ceton rai, amma tazarar haihuwa ba ta shiga cikin abin da aka ware ba. A asibitinmu matan sa-kai da suke kiran mu a waya idan ranar allura ta matso sun daina zuwa, ashana kuma ta yi watanni babu ita. Wadda ta zo da niyyar hutun shekara uku sai ta koma da allurar wata biyu, ko ta koma hannu rabbana.

Gwajin da na fi auna ɗakin da shi ya zo ne a watan jiya, lokacin da na je neman a cire mini ashanar da na sa shekara uku da suka wuce, domin ni da maigidana muna son ƙarin ɗa guda. Na fara faɗa wa likitan da ya duba ni a ranar, wani matashi da bai daɗe da zuwa ba. Bai ɗago daga rubutunsa ba ya ce, "Hajiya, yara uku lafiyayyu a halin da kike ciki, ba ki gode wa Allah ba?" Na yi shiru, amma maganar ta tsaya mini a wuya, domin irinta ce take sa mata su guji ashana tun farko, suna tsoron cewa sawa a hannunsu take, cirewa a hannun wani. Ita ce kuma take sa wasu su tafi kemis a tsaga musu damtse. Wata ƙididdigar masu cutar da aka yi a 2018 ta nuna mutum kusan miliyan 1.9 ne suke ɗauke da cutar a Najeriya, mata sun fi yawa, kuma mafi yawansu suna cikin shekarun haihuwa. Ba za a ce dukkansu su rufe mahaifa ba. Idan babu magani, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari suke kamuwa daga uwa, idan kuwa uwa tana kan magani aka kuma bi ƙa'ida, adadin yana sauka ƙasa da biyar. 'Ya'yana biyu na ƙarshe na shayar da su nono, an ba su ruwan nebirafin na kariya daga cutar, an gwada su a mako shida da kuma a wata 18, duka ba su ɗauka ba.

Na fito daga wurin likitan na shiga ɗakin ƙarshen baranda ina shirin wata muhawarar. Ungozomar ta saurare ni har na gama, ta jawo fayil, ta ga gwajina na ƙarshe ya haura wata takwas. Ta ce, "Maman yara, ashana taki ce, ranar da kika ce a cire za a cire. Amma ki bari mu ɗebi jini yau mu tabbatar ƙwayar tana kwance, ki fara shan folik asid tun yanzu, shi ma maigida ki ce masa ya duba nasa." Ta gargaɗe ni cewa da zarar an cire ashana ciki yana iya shiga a watan farko, ba kamar allurar wata uku ba wadda takan jinkirta shi har kusan shekara, don haka kada in cire sai na shirya. Sakamakon ya fito bayan mako uku, ƙwayar ba ta bayyana ba. Ta ba ni ranar Talata mai zuwa da ƙarfe takwas na safe, kafin layi ya taru, ta kuma rubuta mini a 'yar takarda abin da zan saya a kemis ɗin bakin titi in taho da shi: safar hannu biyu, da rezar tiyata, da filasta, da kwalbar maganin kashe zafi, domin nasu ya ƙare tun kafin Salla.